Wasan da ɗaliban Livingstone suka haɗa wa kansu a 1892

Idan kakar ƙwallon jami'o'i ta kama a Amurka, hankalin 'yan jarida kan koma kan manyan makarantu ne irin su Michigan, wadda filinta ke cin mutum sama da 100,000, ko Alabama da Ohio State. Ba ƙwallon ƙafa irin namu ake nufi ba. Nasu ne na Amurkawa, wanda ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da shi, ana ture-ture da kokawa, har a tsallake layin ƙarshe na abokan karawa. Kuɗin da ke yawo a harkar ya kai ga a watan Yunin 2025 wata kotun tarayya ta amince kowace babbar jami'a ta riƙa raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekara. A irin wannan kasuwa ba kasafai ake tuna Kwalejin Livingstone ba, wata 'yar ƙaramar makarantar baƙar fata da ke garin Salisbury a jihar Karolina ta Arewa. Ni kuwa ina ganin yadda ƙwallo ya fara a wannan makaranta ya fi nuna amfanin wasa a makaranta fiye da duk wani kofin da manyan suka ɗaga.

Ranar 27 ga Disambar 1892 ɗaliban Jami'ar Biddle suka taso daga Charlotte, tafiyar kimanin kilomita 70, suka zo Salisbury don karawa da Livingstone. Wannan ne karo na farko da makarantun baƙar fata biyu suka buga wannan wasa da juna, shekara 23 bayan jami'o'in Rutgers da Princeton sun buɗe fagen a 1869. Babu filin wasa. A kan ciyawar da ke gaban makaranta aka yi, ana zuba dusar ƙanƙara. Ɗaliban Biddle sun shafe shekara biyu suna koyon wasan a tsakaninsu, na Livingstone kuwa a wannan shekarar suka haɗa ƙungiya. Karo-karo suka yi suka sayi ƙwallo guda. Takalmansu na yawo suka buga wa haƙora a ƙasa don kada santsi ya kwashe su. Rigunan wasa da wanduna kuma 'yan matan sashen koyon sana'a na makarantar ne suka ɗinka musu da farin yadi mai kauri.

An buga minti 45 sau biyu. Biddle ta fara cin maki. Can kusa da tashi ƙwallo ya suɓuce wa ɗan wasan Biddle, wani ɗalibin Livingstone mai suna William J. Trent ya sure shi ya sheƙa har ya tsallake layi. Sai gardama ta kaure. Biddle ta ce a wajen fili ya ɗauka, ga shi dusar ƙanƙara ta binne layukan da aka shata. Alƙalin wasa ya bai wa Biddle gaskiya, aka tashi 5 da nema kamar yadda aka saba rubutawa a tarihin wasan.

Wanda bai san zamanin ba zai ce ai samari ne kawai suka yi guje-gujensu lokacin hutun Kirsimeti. To a duba shekarar. An haramta bauta a Amurka a 1865, wato iyayen da yawa daga cikin waɗannan samari a cikin bauta aka haife su. Ƙididdigar da Cibiyar Tuskegee ta tattara ta nuna cewa a 1892 kaɗai gungun mutane sun kashe baƙar fata 161 ba tare da shari'a ba, adadin da ya fi na kowace shekara a wannan ƙididdiga. Bayan shekara huɗu, a 1896, Kotun Ƙoli ta halatta wariyar launin fata a shari'ar Plessy da Ferguson. A 1898, a cikin wannan jiha ta Karolina ta Arewa, farar fata ɗauke da bindigogi suka kifar da zaɓaɓɓiyar hukumar birnin Wilmington suka karkashe baƙar fata, sannan a 1900 aka gyara tsarin mulkin jihar yadda aka raba mafi yawansu da ƙuri'a. A tsakiyar wannan ƙunci ne yaran suka sayi ƙwallo.

Kudancin Amurka na wancan lokaci bai taɓa musun cewa baƙin mutum na da ƙarfi ba. Ai da ƙarfinsa aka noma auduga da taba. Abin da aka hana shi shi ne ya mallaki wannan ƙarfi, ya yi amfani da shi don jin daɗin kansa, a ƙarƙashin dokokin da shi da ɗan'uwansa suka yarda da su. Ƙwallo a lokacin wasan 'ya'yan manya ne na Harvard da Yale da Princeton, kuma ana ɗaukarsa alamar cikakkiyar jami'a mai tarbiyyar shugabannin gobe. A shekarar 1892 ɗin ma an zaɓi William Henry Lewis, baƙar fata ɗan Virginia da ke buga wa Harvard, cikin gwarazan 'yan wasan ƙasa baki ɗaya. Amma Lewis mutum ɗaya ne da aka buɗe wa ƙofa a gidan wasu. Abin da aka yi a Salisbury daban ne: makaranta tasu, fili nasu, ƙwallo da kuɗinsu, riguna ɗinkin 'yan'uwansu mata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. Cocin AME Zion, wanda baƙar fata suka kafa wa kansu, shi ya assasa makarantar a 1879 a garin Concord, aka mayar da ita Salisbury a 1882, daga baya aka sa mata sunan David Livingstone, ɗan mishan ɗin Birtaniya da ya zaga Afirka. Shugabanta na farko, Joseph Charles Price, sai da ya je Ingila yana jawabai ya tara kusan dala 10,000 kafin makarantar ta tsaya da ƙafarta. Price ya dage cewa ɗan baƙar fata ya cancanci ilimin kai da na hannu da na zuciya gaba ɗaya, a lokacin da masu hannu da shuni da yawa suka fi son a tsaya ga koya masa noma da kafinta. Ya rasu a 1893 yana da shekara 39, ƙasa da shekara guda bayan wasan. Biddle ma, wadda 'yan cocin Presbyterian suka kafa a 1867, sai a 1891 ta sami shugaba baƙar fata na farko, Daniel J. Sanders. Makarantu biyu da ke hannun baƙar fata ne suka haɗu a ranar.

Masu karatunmu na Ghana sun san wani ɗan wannan makaranta ko da ba su san sunanta ba. James Kwegyir Aggrey, ɗan Anomabo, ya isa Livingstone a 1898, ya gama a 1902, ya koyar a can kusan shekara 20 kafin ya koma gida ya zama mataimakin shugaban Kwalejin Achimota. Da ya rasu a 1927, a Salisbury aka binne shi.

Akwai masu auna darajar ƙwallon irin waɗannan makarantu da yawan taurarin da suka fitar. Za su kawo maka Walter Payton na Jackson State, da Jerry Rice na Mississippi Valley State, da Doug Williams na Grambling. Livingstone ma tana da nata, Ben Coates, wanda ƙungiyar ƙwararru ta New England Patriots ta ɗauka a 1991 ya zama ɗaya daga cikin fitattun zamaninsa. Abin alfahari ne, ban musa ba. Sai dai wannan ma'auni yana da haɗari, domin tun da manyan jami'o'in Kudu suka fara ɗaukar baƙar fata a ƙarshen shekarun 1960, mafi yawan haziƙan yara can suke tafiya, inda ake da talabijin da kuɗi. Idan fitar da taurari ne kaɗai hujja, to hujjar ta raunana tuntuni, kuma ba za ta dawo ba.

Akwai kuma masu cewa ƙaramar makaranta ba ta da hurumin ƙwallo sam, kuma maganarsu na da nauyi. Wasan na da tsada: 'yan wasa da dama, masu horarwa, kayan kariya, inshora, tafiye-tafiye. Yana da haɗari tun asali. Mace-mace da raunukan da ake samu a fili ne suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa a 1905, abin da ya kai ga kafa hukumar da ta zama NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka. Yau kuma likitoci sun tabbatar da illar yawan buguwar kai ga ƙwaƙwalwa. Kwalejin Saint Paul's ta Virginia, wadda a da take rukunin gasa ɗaya da Livingstone, ta soke dukkan wasanninta a 2011 saboda rashin kuɗi, kuma a 2013 ta rufe gaba ɗaya. Duk shugaban makarantar da zai rage albashin malamai ko ya bar ɗakin karatu ya lalace don ya gina fili, ya ci amanar waɗanda suka yi karo-karo a 1892. Su ba su taɓa kuɗin karatu ba.

Ma'aunin da na yarda da shi yana jikin Trent, yaron da aka hana makinsa. Ya gama karatu, ya yi shekaru yana aiki da ƙungiyar matasa ta YMCA, sannan a 1925 ya dawo Livingstone a matsayin shugaba, ya riƙe ta har 1957. Shekara 32 ke nan, ciki har da shekarun karayar tattalin arzikin duniya da suka durƙusar da makarantu da yawa. Ɗansa, William J. Trent ƙarami, shi ne babban daraktan farko na asusun United Negro College Fund da aka kafa a 1944 don tallafa wa makarantun baƙar fata masu zaman kansu. Ba na cewa ƙwallo ne ya yi wannan duka. Ina cewa yaron da ya koyi tara kuɗi da abokansa, ya shirya karawa da wata makaranta, ya karɓi hukuncin alƙali ko da bai yi masa daɗi ba, ya ɗaura wata alaƙa da makarantarsa wadda aji kaɗai ba ya bayarwa. Ƙaramar kwaleji da irin wannan alaƙa take rayuwa, domin ba ta da rijiyar kuɗi sai tsofaffin ɗalibanta.

Har yau makarantun biyu suna haɗuwa a CIAA, rukunin gasar makarantun baƙar fata da aka kafa a 1912. Biddle ta koma Jami'ar Johnson C. Smith tun 1923, kuma karawarsu ta shekara-shekara ta zama bikin tunawa da 1892. Wani abu ɗaya ne ke damuna a yadda ake ba da labarin. Ana jera sunayen samarin da suka shiga fili, amma 'yan matan da suka zauna suka auna, suka yanka, suka ɗinka, a dunƙule ake ambatonsu cikin jimla guda a wuce. Ɗalibai ne kamar su Trent, masu suna da iyaye da garuruwa, kuma da aikinsu aka fita fili ranar. Makarantar da ta riƙe labarin gardamar layi fiye da shekara 130 ya kamata ta sa ɗalibanta na sashen tarihi su shiga tsofaffin rajistocinta da na cocin AME Zion su nemo su, a karanta sunayensu a fili kafin a busa usur.