Idan Kana Ganin Mutane Kamar Itatuwa

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Da yawa daga cikinmu muna zuwa sujada ran Lahadi, mu yi waƙa, mu ɗaga hannu, amma da an tashi sai kai ya sake ɗaurewa. An gama karatu, aiki ya ƙi samuwa. Wanda aka yi alkawarin aure da shi ya fara kwana-kwana. Iyaye suna ja nan, abokai suna ja can, ga waya ba ta barin mutum ya huta, kowa a cikinta ya ci gaba sai kai. Shi ya sa za ka ji matashi yana cewa, "Ni dai ban san abin da Allah yake so da ni ba." Faɗin haka ba saɓo ba ne. Abin da ke damuna shi ne inda muke kai wannan kukan.

Ku buɗe Markus 8:22-26. A Betsaida aka kawo wa Yesu wani makaho, ana roƙonsa ya taɓa shi. Yesu bai warkar da shi a gaban taro ba. Ya kama hannunsa, ya fitar da shi bayan gari, ya tofa masa yau a idanu, ya ɗora masa hannu, sannan ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin ya ɗaga ido ya ce yana ganin mutane, amma kamar itatuwa suna tafiya. Ku tsaya nan tukuna. Ga wanda ɗazu ba ya ganin komai, yanzu haske ya fara shigowa. Da ya ga dama da ya ce, "Na gode, na warke," don kada ya ba Malam kunya. Da ya yi haka, da ya koma gida yana ganin duniya dishi-dishi, yana gaida itace a matsayin mutum. Gaskiyar da ya faɗa ce ta buɗe ƙofar taɓawa ta biyu, kuma a nan ne ya ga komai sarai.

Mu fa mun iya rufa-rufa ko a gaban Allah. Addu'armu cike take da kalmomin da muka haddace, alhali abin da ke cin zuciyarmu ba mu ambata ba. Ɗan'uwa, idan ba ka gane ba, ka durƙusa ka ce ba ka gane ba. Yakubu 1:5 ya ce wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, mai ba kowa hannu sake ba tare da gori ba. Asaf ma, a Zabura 73, ya faɗa ƙarara cewa ƙafarsa ta kusa zamewa saboda kishin mugaye da ya ga suna jin daɗi, kuma tunanin ya gagare shi har sai da ya shiga wuri mai tsarki na Allah.

Ku kuma lura cewa bayan gari Yesu ya kai makahon, nesa da hayaniyar jama'a. Wanda idonsa ke kan waya tun daga farkawa har barci, yana sauraron mai wa'azi biyar a rana, kowanne da nasa fassarar mafarki, kada ya yi mamaki idan kansa ya kulle.

A nan ne zan ja kunnenku da ƙarfi. Ruɗaɗɗen matashi shi ne abincin masu kiran kansu annabawa. Suna sayar da amsa nan take: ga sunan wanda ya kama tauraronka, ga watan da za ki yi aure, kawo kaza ka karɓi buɗi. Mutum ya je da tambaya ɗaya, ya dawo yana zargin gwaggonsa da maita. Manzo Yohanna ya gargaɗe mu kada mu gaskata kowane ruhu, mu gwada su (1 Yohanna 4:1). Mutanen Biriya, ko Bulus da kansa da ya yi musu wa'azi, sai da suka riƙa bincika Nassi kowace rana su ga ko haka ne, kuma an yaba musu. Duk jagoran da ke fushi idan ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka yi masa tambaya, ka yi nisa da shi.

Wannan ba ya nufin ka zauna kai kaɗai. Sau uku yaro Sama'ila ya ji kira da dare yana rugawa wurin Eli firist, kuma tsohon nan da idonsa ya dushe shi ne ya gane cewa Ubangiji ne, ya koya masa yadda zai amsa. Sarki Rehobowam kuwa ya watsar da shawarar dattawa ya bi ta tsaransa, kabila goma na Isra'ila suka kuɓuce masa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. 'Yar'uwa, ki nemi mace mai tsoron Allah a ikilisiyarki, wadda ta san Magana kuma ta iya riƙe sirri, ki faɗa mata komai, har ɓangaren da laifin naki ne. Idan kuma damuwar ta kai ga hana barci da ci, ko tunanin cewa gara mutuwa, a haɗa da likita ba tare da jin kunya ba. Annabi Iliya da ya roƙi mutuwa a jeji, sai da mala'ika ya ciyar da shi sau biyu, ya yi barci, kafin Allah ya yi magana da shi a dutsen Horeb.

Abu ɗaya da na sha gani: wanda ke kukan bai san nufin Allah game da shekara goma masu zuwa ba, sau da yawa ya san na yau sarai, yana dai kauce masa ne. Akwai wanda ya kamata ka nemi gafararsa. Akwai bashin da kake ta ɓuya a kansa, da dangantakar da ka san ba ta yi wa Ubangiji daɗi. Zabura 119:105 ta kira Maganar Allah fitila ga sawayenmu, wato tana haska inda za ka taka yanzu. Ka fara da wannan da ka riga ka sani, kafin makon nan ya fita, sannan ka koma da sauran tambayoyinka gaban Ubangiji da wurin dattijon da ka zaɓa.