Ƙwaƙwalwar ganga ma tana son mazauninta

Kawuna makaɗin kalangu ne a Zariya, kuma a gabansa na fara riƙe gula. Kafin ya bar ni in buga ko sau ɗaya, sai da ya koya mini ɗaurin maratayi. Yakan rataya mini kalangu a kafaɗar hagu, ya ja da baya ya ƙare mini kallo, ya dawo ya rage tsawon igiyar, ya sake ja da baya, har sai ƙugun kangon ya zauna daidai a hamatata. In ya yi ƙasa, damtse ba zai matse tsarkiya yadda ake so ba. In ya yi sama, kafaɗa za ta ƙage tun ba a ci rabin biki ba. A lokacin gani nake ɓata mini lokaci kawai yake yi.

Yanzu na shekara tara a Mancesta, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai daɓen katako. Nan ba wurin da za ka ɗauki ganga ka saki hannu ba ne. A ƙasana akwai wata dattijuwa da ke kwanciya da wuri, ga shi kuma dokar hayaniya ta Ingila ta 1996 ta ɗauki ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe a matsayin lokacin da maƙwabci ke iya kai ƙararka. A unguwarmu ta gida kuwa in kiɗa ya tashi, maƙwabta ne ke fara fitowa da tabarmi. Wannan ne ya sa na koma wa gangar lantarki, wadda za ka sa abin ji a kunne ka yi ta bugu, na waje ba ya jin komai sai ƙwas-ƙwas. Ko hakan ma sai da na ɗora ta a kan katako biyu da ƙwallayen tenis a tsakaninsu, domin dukan feda yana bin daɓe ya sauka a kan mutanen ƙasa.

Ga wanda bai taɓa ganin irinta ba, fatunta na roba ne ko na raga, kuma su kansu ba su da murya. A cikin kowace akwai ɗan abin da ke jin duka, ya aika saƙo ta waya zuwa wani ƙaramin akwati mai maɓallai da allo. Akwatin nan shi ne komai, ni ƙwaƙwalwa nake ce masa. Shi yake yanke irin sautin da zai fito, da ƙarfinsa, da kaurinsa. Tun a 1981 kamfanin Simmons na nan Ingila ya fito da gangarsa mai kusurwa shida, a 1997 kuma Roland na Japan ya kawo masu fatar raga, amma tsarin bai canza ba: fata ta ji duka, akwati ya yi magana.

Yawancin gangunan nan suna zuwa da firam na bututu, a maƙala fatu da farantai, wato faya-fayan da ake bugawa daga sama, da ƙwaƙwalwar duk a jikinsa. Haka tawa ta zo, haka na bar ta kusan shekara uku. Ra'ayina a yau shi ne duk wanda zai fita da ita bainar jama'a, ya cire akwatin nan daga firam ya ba shi ƙafarsa daban.

A wani taron suna na gane haka. 'Yan'uwanmu Hausawa da ke nan sun kama wani ɗan zaure, aka ce in zo in taya mata kiɗa. Da rawa ta yi zafi hannuna ya ƙara nauyi, kowane duka kuma yana bin bututu ya girgiza akwatin. Ina kallonsa yana sunkuyar da kai a hankali har na daina ganin allon. Can sai wayar wuta ta zame, kiɗa ya ɗauke ɗif, mata suna tsakiyar fili da gyale a hannu. Wata Hajiya ta juyo ta ce, "Ɗana, nan ma ana ɗauke wuta ne?" Na ce, "A'a Hajiya, a yi mini haƙuri minti ɗaya." Minti ɗayan nan na durƙusa ina lalube a bayan firam ya fi mini awa tsawo, domin kiɗan da ya mutu a tsakiyar rawa ba ya tashi da irin zafin da ya faɗi da shi.

Washegari na nemi ƙafar faranti ta hannu, mai ƙafa uku kamar duwatsun murhu, na sayi abin damƙa na ƙarfe. A bayan akwatin akwai ramukan noti huɗu da ake ɗaura wani faifai mai ɗan gajeren bututu, bututun ne ake damƙewa a jikin ƙafar. A yi amfani da notin da ya zo da shi, domin wanda ya fi shi tsawo yana iya shiga ciki ya taɓa kayan lantarki. Sannan a juya ƙafa ɗaya daga cikin ukun ta tsaya daidai ƙarƙashin inda nauyin ya karkata. Akwatin bai fi kilo ɗaya zuwa biyu ba, amma in ya leƙa ta tsakanin ƙafa biyu, yaro ɗaya ya gifta ya isa ya kifar da shi.

Wayoyin ne suka fi ba ni aiki. A irin tawa duk wayoyin fatu sun haɗu a kai ɗaya mai ƙusa 25, kuma an yanka kowace daidai da nisan fatarta daga inda kamfani ya yi nufin akwatin ya zauna. Ina matsar da shi, sai ta farantin dama ta kasa kaiwa. Na sayi ƙari, na kuma koyi cewa dole bakinsa ya zama mai zobe biyu. In ka sa mai zobe ɗaya, tsakiyar fata za ta yi magana, gefenta ya yi shiru. Daga nan na bar wa kowace waya ɗan sako-sako, na ɗaure su a jikin ƙafar, ta yadda ko an taka ko an fizga, ƙarfe ne zai ji jiki.

Ba na musun cewa kaya sun ƙaru. Ƙarfe ɗaya ne ƙari da zan saɓa in hau bene da shi, kuma ya ci wuri a ɗakin da dama ba shi da faɗi. Wanda ke bugawa shi kaɗai a ɗakinsa, bai taɓa kwance gangar ba, yana iya barin ta yadda ta zo.

Amma ni abin da ya fi maganar girgiza muhimmanci a wurina shi ne inda hannun hagu zai kai. Kalangu yana magana ne saboda harshenmu yana da hawa da sauka, makaɗi ya matse ya saki, fata ta bi muryar kirari har mai suna ya juyo. Roba ba ta san matsi ba. Abin da na iya yi shi ne na roƙi Kawu ya buga mini murya uku a waya, ta sama da ta tsakiya da ta ƙasa, na zuba su a katin ajiya na loda wa akwatin, na raba wa fatu uku. Ba zai taɓa kamo ƙafar kalangun gaske ba, wannan na sani. Sai dai idan zan tashi daga kiɗan zamani in faɗa wannan a tsakiyar waƙa, maɓallin yana bukatar ya kasance inda zan taɓa shi ba tare da na ɗauke ido daga masu rawa ba. A jikin firam, can bayan farantin hagu yake. A kan ƙafarsa kuwa na kawo shi daidai gwiwar hannuna, kusan wurin da kangon kalangu yake zama.

Abin da ke damuna idan na ga bidiyon bukukuwa daga gida shi ne yadda muke kashe kuɗi a kan na'ura mu manta da abin da zai ɗauke ta. Za ka ga kaya mai tsada an ɗora shi a kan kujerar roba ko benci, an tokare da dutse, waya tana jan ƙasa har wurin janareto, yara suna tsallakawa. Ga ƙurar hunturu tana shiga kowane rami, alhali ɗaga shi daga ƙasa kaɗai zai rage masa rabin wahala. Mutanen da suka san cewa ba a ajiye tambarin sarki a ko'ina, suka san ɗaurin maratayi kamar yadda Kawu ya sani, bai kamata na'ura ta zo hannunsu ta rasa wurin zama ba. Kuma a wannan fage gida ya fi nan sauƙi. Ni sai da na yi ta neman abin damƙar da ya dace da kaurin bututuna. Ƙanena da ke bugawa a Kaduna, in ya ɗauki faifan ya kai wa mai walda a bakin titi, kafin la'asar an haɗa masa ƙafa daidai tsayinsa, a kuma naɗa roba a wurin damƙar don kada ta zame. Na auna tawa na aika masa, daga ƙasa zuwa faifai, da faɗin buɗewar ƙafafun.

Ranar da na gama haɗawa na kira Kawu ta bidiyo, na jingina wayar a kan tebur na zauna a bayan gangar. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya ce, "To ɗan nan, ina maratayinta?" Na nuna masa ƙafar na ce, "Ga shi nan, Kawu." Ya ce in buga ya gani. Na buga, na miƙa hannu na canza murya. Ya ce, "Kafaɗarka tana ɗagawa. Sauke shi kaɗan, ka jawo shi jikinka." Na sassauta notin na sauke shi kamar faɗin yatsu uku, na sake bugawa, ya ce in ƙara yatsa ɗaya.