Harara-garke ba shaidar galahanga ba ce

Makon jiya ƙanwata ta turo mini wani saƙon murya da ke yawo a zaurukan WhatsApp na iyaye mata, sannan ta kira ni muryarta na rawa. Mai saƙon na cewa wai likitocin Turai sun gano duk yaron da idonsa ya karkace, to galahanga (autism), lalurar da ke shafar maganar yaro da mu'amalarsa da mutane, ce ke tafe. Ɗanta shekararsa 2 da rabi, kuma idonsa na hagu kan lauye wajen hanci idan ya ƙura wa abu ido. Kwana biyu ba ta runtsa ba. "Yaya, shi ke nan ɗana ba zai yi magana kamar sauran yara ba?"

Abin da ya ɓata mini rai shi ne an ɗauki guntuwar gaskiya an yi mata rawani. Bincike da dama sun nuna harara-garke ya fi yawa a yara masu galahanga, haka ma masu lalurar Down (wadda ake haihuwar yaro da ita, tana jinkirta girmansa da koyonsa) da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu wajen haihuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: tsoka 6 ke juya kowane ido, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke sarrafa su, don haka abin da ya shafi ginuwar ƙwaƙwalwa yana iya bayyana a ido. Bakwaini da jaririn da aka haifa ba nauyi sun fi fuskantar harara-garke da galahanga. Amma fa yara 2 zuwa 4 cikin 100 ke da karkacewar ido, kuma mafi yawansu lafiyarsu ƙalau, suna surutu, suna wasan ƙasa da sa'o'insu. Ba a gane galahanga da kallon ƙwayar ido. Halayyar yaro da maganarsa da mu'amalarsa ƙwararru ke bibiya.

Masu cewa saƙon ai wayar da kai ne, to tsoratarwa ba wayar da kai ba ce. Mun ga wannan a baya. A 1998 wani likita ɗan Birtaniya, Andrew Wakefield, ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da galahanga a mujallar likitanci ta Lancet, sai 2010 aka janye rubutun, bayan dubban iyaye sun guje wa allura. Mu da muka ga abin da jita-jitar rigakafin shan inna ta jawo a Kano a 2003, bai kamata a sake yi mana ba.

Kuma yayin da uwa ke kukan galahanga, ko kaka ke cewa a bar shi zai miƙe da kansa, ko wani ke tallar turaren aljanu, idon ne ke tafiya. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta jure ganin abu biyu-biyu, sai ta yi watsi da idon da ya karkace har ganinsa ya dushe. Gyaran ya fi ci kafin shekara 7, da tabarau, ko rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum, ko tiyata. Jariri ɗan ƙasa da wata 4 idonsa kan yi yawo jifa-jifa, wannan ba komai. Wanda ya wuce haka, likita. Wani lokaci ma karkacewar alamar ciwon dajin ido ce, musamman idan tsakiyar ƙwayar na yin fari a hoto kamar idon mage da dare.

Waɗanda suka fi cutuwa su ne masu galahangar da gaske. Yaro na kauda fuska, yana tuntuɓe, sai a ce ai halin ciwonsa ne, ba wanda ya duba ko gani ne ba ya yi. Alhali likitan ido na iya auna shi da ɗigon magani da 'yar fitila, ko da bai furta kalma ɗaya ba.

Me zai hana a riƙa haska idon kowane yaro ranar rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi? Ƙanwata dai na ce ta goge saƙon, kuma ranar Litinin ni da kaina zan raka su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.