Akwatin katakon Peru da rigimar flamenko

Jama'a, kwana biyun nan flamenko nake ta saurare, kiɗan nan na Andalus a kudancin Sifaniya, wanda Gitano, wata ƙabilar tsiraru ta can, suka raina da tafi, da buga ƙafa, da murya mai kama da kuka. Abin da ke ba ni dariya shi ne masu kukan an ɓata gargajiya.

Ku dubi akwatin katakon da makaɗi ke zama a kai yana duka da tafin hannu, cajón. Yau da wuya ka ga taron flamenko babu shi, har wasu na zaton gadon kakanni ne. Ina! Paco de Lucía, gwanin jitar nan na Algeciras, shi ya gan shi a Peru wajajen ƙarshen shekarun 1970, ya ji amonsa ya dace da bugun ƙafar masu rawa, ya taho da shi gida.

Shi kuwa abokinsa Camarón de la Isla, wanda ni a kunnena babu muryar da ta kamo tasa, ya sha zagi a 1979. Ya fitar da faifan La leyenda del tiempo, ya rera baitocin marubucin waƙoƙin Sifaniya Lorca, ya sa ganguna irin na turawa da jitar lantarki, har da sitar ta Indiya. Tsofaffin masoyansa suka riƙa mayar da faifan kanti, wai wannan ba Camarón ba ne. Da ya rasu a 1992 yana da shekara 41, dubban mutane suka raka gawarsa a San Fernando, kuma faifan da aka ƙi shi ake ɗagawa yanzu. Mawaƙin flamenko Enrique Morente ma ya haɗa kai da 'yan rok a 1996, aka yi masa ca.

Shi ya sa da mawaƙiya Rosalía ta fito da faifan El mal querer a 2018, wasu suka yi ta ƙorafi a kanta, ni ban ga laifinta a kiɗan ba. Ta yi karatun flamenko a Basalona, ta san abin da take taɓawa.

Inda nake tare da masu ƙorafi wuri ɗaya ne. Yarinyar 'yar Kataloniya ce, ta ari karin harshen Andalus da adon Gitano, ta kwashi kyaututtuka da kuɗi, alhali mawaƙan Gitano da yawa na nan suna rera wa 'yan yawon buɗe ido a ƙananan gidajen rawa na birnin Sevilla. UNESCO ta sa flamenko cikin gadon duniya tun 2010, amma har gobe akwai mai gidan hayar da zai ji Bagitane ne ya ce ɗakin an riga an kama.