Murjanin da aka yi rainonsa ya fi dacewa da tankin gilashi na kiwon halittun ruwa

Wani labari ya nuna cewa babu bambanci tsakanin murjani mai rai da ake ɓallowa daga teku da wanda ake raino a gona, muddin akwai takardar izini. Ban yarda da hakan ba. Gaskiya ne yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa tsakanin ƙasashe, ta sanya murjani mai tauri a rukuninta na biyu, wato ana cinikinsa da izini, amma takarda ba ta tabbatar da cewa halittar za ta rayu a tanki. Wanda aka raina a tanki ya riga ya saba da hasken fitila da ruwan gishirin da ake haɗawa, alhali na teku yakan iso a galabaice, wani lokaci ɗauke da ƙananan tsutsotsi masu cinsa, har launinsa ya kode. Ko Indonesiya, da ta dakatar da fitar da murjani a 2018, wanda aka raina ta fara sake bari a fitar a 2020. Inda matsalar take shi ne nau'ukan da ke girma a hankali, saɓanin Acropora, wani nau'in murjani mai saurin girma, domin masu raino ba su cika ganin riba a cikinsu ba.