Ranar da aka kawo mini tukwicin giya a gaban surukina

Ni dai Allah ya yi ni da ra'ayi. Wani ya ba shi dukiya, wani ya ba shi tsawo, ni kuwa ya ba ni bakin yanke wa kaya hukunci. Dillancin albasa nake yi a kasuwar Mile 12, ina kwana a Agege, kuma duk wanda ya san tsakanin nan ya san rabin rayuwar mutum a cikin danfo, motar hayar Legas, take ƙarewa. To a wannan cunkoson nake karatuna. Tun daga Ogba har Ojota da Ketu idona na kan waya, ko fim ko littafi ko labarin abin da bai shafe ni ba. In na dawo da daddare sai in zube a teburin mai shayinmu in sauke wa jama'a abin da na kwaso.

A teburin nan ba a sayen abu sai an tuntuɓe ni. Tocila, alal misali. Na sha gaya musu duk tocilar da ka ga an liƙa mata rediyo da fanka da wurin cajin waya, ka bar wa mai ita kayarsa, domin ranar da aka ɗauke wuta ba za ta yi maka ko ɗaya ba. Fulas kuwa ba a sayensa da ido. Buɗe murfin za ka yi ka kara bakinsa a kunne, in ka ji yana kuka wuuu to zai riƙe maka ruwan zafi har asuba, in ka ji shiru gora ka saya. Igiyar leƙo na daina ba da shawara a kanta tun da na fahimci sauron Legas ƙamshinta yake so. Buta ita kaɗai ce kayan gidan da ban taɓa samu da laifi ba.

Haka nake a kan littafi. Ra'ayina shi ne tun da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, sauran marubuta hutu suke yi. Uwargida ba ta yarda ba. Ita tana nan da littattafan soyayya da ake turo mata a waya, waɗanda saurayin ciki kullum ɗan mai kuɗi ne, miskili, ya yi karatu a Ingila, kuma bai taɓa shiga danfo ba. Na ce mata ranar da aka rubuta wanda jarumin dillalin albasa ne zan saya da kuɗina. Ta ce yarinyar ciki kuka za ta yi ta yi tun daga shafin farko, kuma ba na so ba.

Fim kuwa kada ma a fara. Na fi son na Indiya da aka fassara, saboda a nan ne kaɗai za ka ga mutum ɗaya ya doki mutum hamsin, rigarsa ba ta yamutse ba, yana yi yana zagi da Kananci. Namu na Kannywood masu dogon zango ina kallo, amma na gano sirrinsu: in labari ya ƙare musu sai su saki matar, ko su ƙaro wata.

Duk wannan a cikin 'yan'uwa nake yinsa, ba wanda ya taɓa cutuwa in ban da wani da ya sayi fankar caji a kan maganata, shi ma iska ce ba ta yi masa ba, fankar tana juyawa.

Gidan da muke haya irin na Legas ne, dogon lungu a tsakiya, ɗakuna suna kallon juna, murhun kowa a ƙofar ɗakinsa, sirrin kowa a kunnen kowa. Akwai maƙwabcina ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan wuta a kasuwar Alaba, akwai wani tela Bayarabe. Mutanen kirki ne, Allah ya sani. Da Sallah muna aika musu nama, da Kirsimeti su aiko wa yara shinkafa. Su biyun Mala suke kira na, na gaji da gyarawa na haƙura.

Wata Asabar da daddare ba wuta, zafi ya koro kowa waje, na tarar da su a bakin ƙofa suna musu har jijiyar wuya ta tashi. Wai tsakanin baƙar giya da fara wacce ta fi. Na yi sallama zan wuce, sai mai kayan wuta ya riƙo hannuna, ya ce da Turancin buroka, "Yawwa, ga Mala nan, shi ba ya sha, ba shi da ɓangare. Shi zai raba mu."

Mai hankali cewa zai yi ba huruminsa ba ne, ya shige ɗaki. Amma ku duba matsayina. An kira ni alƙali a gaban yara da mata. Kuma abin haushin, na san tarihin abin, don na taɓa karanta shi a wani cunkoso a Ojota. Sai na gyara tsayuwa. Na ce musu ita farar, wato Star, tun 1949 aka fara ɗura ta a kwalba a nan Legas, saboda haka ta girmi Najeriya mai 'yanci. Na ce ita kuma baƙar, wato Guinness, a Ikeja aka kafa mata masana'anta a 1962, wadda ita ce ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ailan da Birtaniya. Na ga bakinsu ya buɗe, sai daɗi ya kwashe ni. Na ƙara da cewa a 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, dole masu giya suka koma kan dawa da masara, ita kuwa dawa ai ta Arewa ce. Na ce saboda haka duk wani ƙarfi da suke ji a kwalba, gumin manomanmu ne.

Tela ya ce ya ji tarihi, amma wacce ta fi?

Na dubi kwalaben biyu a hasken tocila. Ɗaya ta fi kauri da kwarjini. Na nuna baƙar na ce, "Wannan ta fi jiki."

Wallahi iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce daɗi ba, ban ce ɗanɗano ba. Jiki na ce, kuma har gobe kwalbar ta fi jiki. Mai kayan wuta ya daka tsalle ya rungume ni, tela ya yi tsaki ya shiga lalube aljihu. Ashe caca suka sa. Na shige ɗaki na kwanta, na manta da zancen.

Ana nan sai surukina ya yi waya cewa zai zo ganin jikoki. Dattijo ne mai furfura, dillalin hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, irin mutanen da ba sa dariya sai da dalili. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Kuma har yanzu Ikko yake cewa, bai san wani Legas ba.

Na yi shiri na kece raini. Na sayi sabuwar tabarma, na sayi fulas wanda ya fi kowanne kuka a shagon, na ari kujerar roba. Da ya huta na zaga da shi unguwa ina yi masa bayani. Na nuna masa gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, na nuna masa tashar sabon jirgin ƙasa. Na ce, "Baba, ai Hausawa sun daɗe a nan. Goro ne ya kawo su tun zamanin Turawa, da layin dogo ya ratsa ta Agege, suna saye a hannun Yarabawa suna lodawa Arewa. Shi ya sa kuka ga har Zango muke da shi, har da Sarkin Hausawa."

Ya ce, "Ikon Allah."

Na koya masa yadda ake gaida Bayarabe da safe. Ya maimaita a hankali, na ce ya yi ƙoƙari.

Ranar Lahadi bayan la'asar muna zaune a lungu, shi a kan kujera yana jan carbi, ni a durƙushe a gefen tabarma ina zuba masa shayi, sai ga maƙwabcina ya dawo daga coci cikin kwat, yana murmushi tun daga ƙofa, yaronsa na biye da katan a ka. Aka sauke katan ɗin a gabana, kwalabe suka yi ƙara. Ya ranƙwafa ya gaida Baba, sannan ya juyo gare ni da muryarsa ta kasuwar Alaba, wadda ba ta san raɗa ba.

Ya ce, "Mala, ga naka kason. Wadda ka ce ta fi ce na sayo maka. Ai na gaya wa kowa a kasuwa, a duk Agege ba wanda ya san giya irinka."

Na daskare da fulas a hannu kamar kazar da ƙwai ya fashe mata a ciki. Uwargida, da ke tankaɗe a bakin ƙofa, ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki ta saki labule. Nan na gane a yaƙin nan ni kaɗai ne.

Abu ɗaya ya rage mini: da buroka aka yi maganar. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, cewa yake ya ji kun zo, shi ne ya kawo muku lemon malt. Irin su Maltina ɗin nan, babu komai a ciki, har masu jego ake kai wa."

Baba bai dube ni ba. Ya ɗaga kai ya kira tela, wanda ya leƙo yana kallon ikon Allah, ya yi masa magana da Yarabanci. Ba gaisuwar da na koya masa ba. Yarabanci zalla, mai hawa da sauka, har da karin magana, don na ga tela ya zube ƙasa ya yi irin gaisuwarsu ta kwanciya. Suka yi ta yi. Tela yana bayani yana nuna ni, yana kwatanta yadda na haska kwalba da tocila. Daga nan Baba ya juya wajen mai katan ya ɗora da buroka wadda ta fi tawa tsabta.

Sai da ya gama ya ce da ni, "Malam, shekarar da aka yi bikin FESTAC, 1977, ina Shagamu ina ɗaurin goro. A Zangon nan da ka nuna mini nake kwana in na shigo. Lokacin ba a haife ka ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

"To yaushe ka fara?"

Na rantse da duk abin da ya halatta a rantse da shi cewa ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Na ce ilimi ne kawai, karatu ne. Kuma don in tabbatar masa da cewa karatun ne, sai na shiga karanto masa: 1949, 1962, 1988. Na ce, "Ai Baba abin da ma ya kawo maganar kishin Arewa ne. Nuna musu nake yi cewa da dawarmu ake yin ta. Tirela-tirela ake lodowa daga kasuwannin hatsi na Kano, daga irin su Dawa..."

Magana zarar bunu. Na kama sauran kalmar da haƙori, amma ta riga ta fita.

Carbin ya tsaya. Ya ce, "Daga ina?"

Na ce, "Daga wurare daban-daban, Baba."

"A'a, ƙarasa. Wato kai ne masanin, ni ne mai kawo kayan haɗi."

Mai katan, da yake ba ya jin Hausa, ya ga fuskoki sun canza, sai ya ɗauka kyautar ce ta yi kaɗan. Ya ce kada Baba ya damu, gobe zai ƙaro nasa daban.

Fitar da katan ɗin nan ma sai da ta zama shari'a. Na ce yaro ya mayar, maƙwabcina ya ce a garinsu mayar da kyauta zagi ne. Ya ce to bari ya sayar ya ba ni kuɗin, Baba ya ce kuɗin sun fi kwalbar muni. Na ce ni zan ɗauka in kai masa ƙofar ɗakinsa, Baba ya ce in na taɓa shi da hannuna in nemi inda zan ci tuwon dare. Tela ya ce shi dai in ba mai so, don a zauna lafiya, yana iya sadaukar da kansa. A ƙarshe shi ya kwashe, mutumin da ya faɗi caca.

Da magariba Baba ya ja ni masallaci, ya sa ni a sahun gaba dab da liman, ya tsaya a gefena. Ina jin yadda yake jan numfashi ta wajena duk lokacin da na ce amin.

Washegari maƙwabcina, da tela ya fahimtar da shi irin ɓarnar da ya yi, ya zo da katan na malt na gaskiya yana ba da haƙuri. Baba ya ce a ajiye. Ya ciro gwangwani ɗaya ya miƙo mini, ya ce in karanta masa duk abin da aka rubuta a jiki, daga sama har ƙasa, har lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa. Na karanta. Ya karɓa ya sa tabarau ya sake karantawa da kansa, don ashe Turancin ma yana ji. Sannan ya fasa, ya yi bismillah, ya kurɓa, ya ɗan yi shiru.

Bakina ya motsa da kansa. Na ce, "Ai Baba wannan ba ta kai ɗaya kamfanin ba, waccan ta fi..."

Daga bayan labule uwargida ta ce, "Baban yara, ana kiranka a waje."

Ba wanda yake kira na. Na fita.