Bakano, Bazazzagi da Tsohon Soro

(Cikin birnin Kano, ƙarshen damina. Alhaji Bakano na tsaye a ƙofar gidan kakansa, ginin tubali mai zaure da zanko. Filastar siminti ta saɓule daga bango kamar ɓawon dafaffen rogo. Ga ɗan ƙanensa, Ɗanboko, riƙe da tef ɗin awo. Bazazzagi magini yana ƙwanƙwasa bango yana kasa kunne.)

Bazazzagi: Alhaji, wane mara imani ne ya yi wa gidan nan haka?

Alhaji: Rashin imani? Siminti buhu 40 na zuba masa bara, kuɗi hannu!

Ɗanboko: Ni na ba Baffa shawara. Gyaran zamani ne.

Bazazzagi: Sannu injiniya. Ka sa wa tsoho rigar leda, ka ce gata ka yi masa. Bangon ƙasa numfashi yake yi: ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. Ku kun toshe shi. Ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, ya jiƙa tubalin ta ciki, filasta ta saki.

Alhaji: A kan babur ɗina ta saki, daren Juma'a.

Bazazzagi: Allah ya kiyaye gaba.

Alhaji: Gaban ya lotse ai, bayan ne ya tsira.

Ɗanboko: Baffa, a rushe kawai a sa bulo da kwanon rufi.

Bazazzagi: Ka shiga ɗakin kwano a watan Afrilu ka gani. Nan kuwa ɗaga kai ka dubi daurin gugan rufin nan. Azara ce ta giginya, gara ta gwada haƙorinta ta haƙura. Irin aikinmu ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim...

Alhaji: An fara! Ka tambayi Bazazzagi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihi. Gidan Makama fa, ku kuka gina mana? Kano ko da me ka zo an fi ka.

Bazazzagi: To me ya sa ka aika Zariya a kira ni?

Alhaji: Na ji an ce kun fi araha.

Bazazzagi: Wanda ya gaya maka maƙiyinka ne. Rubuta, injiniya. Jar ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa. Makuba ta ɓawon ɗorawa, don yaɓen waje. Rufin soro kuwa laso yake so: katsi daga marinar Ƙofar Mata, da dafara, da gashin akuya daga wajen majema.

Ɗanboko: Gashin me?

Bazazzagi: Akuya. Shi ke riƙe shi kada ya tsage. Ku rodi, mu gashi.

Alhaji: Soke wannan, ba za a saya ba. Hajiya na da awaki 3.

Hajiya: (daga bayan ƙyaure) Alhaji, wallahi ka taɓa min akuya, gemunka za a kwaɓa!

Bazazzagi: Shi ma zai yi, Hajiya, sai dai bai kai mudu ba.

Alhaji: Lebura fa, nawa?

Bazazzagi: Masu taka ƙasa 4.

Alhaji: Ɗaya ya isa. Ɗanboko, cire takalmi.

Ɗanboko: Baffa, ina da digiri!

Alhaji: A kai yake ai. Ƙafar ba ta yi karatu ba.

(Bazazzagi ya sa diga ya ɓamɓare ragowar simintin kusa da indararo. Sai ƙwal! Bakin wani tulu ya leƙo daga cikin bango, an liƙe shi da yumɓu.)

Alhaji: Tsaya! Kowa ya ja baya! Hajiya, rufe ƙofa! Dama an ce kakana fatauci yake yi har Gwanja. Zinariya ce, na rantse. Malam, ba ka ga komai ba.

Bazazzagi: Na gani, kuma digata ce ta gano.

Alhaji: Digarka a gidana take.

(Ya fasa tulun hannu na rawa. Kuɗin wuri ya zubo, fari tas, har kan ƙafar Ɗanboko.)

Ɗanboko: Baffa, wannan tun zamanin Turawa aka daina karɓarsa.

Alhaji: (ya yi shiru, ya ɗebo cikin tafi, fuskarsa ta washe) Malam, ka ce aikin nan irin na kakanni za ka yi min, babu sauyi?

Bazazzagi: Sak, Alhaji.

Alhaji: Madalla. Miƙo hularka. Ga kafin alƙalami, irin wanda aka biya kakanka.

Bazazzagi: (ya karɓa, ya ƙirga a natse, ya saɓa diga) Na gode. Kakana kuwa a ƙafa yake zuwa daga Zariya, bayan an gama girbi. Sai ka gan ni.

Hajiya: Alhaji, ga hadari can ya taso ta gabas!